Wanda Aka Goya a Fadama

Dakta Fariborz Nikzad ya yi kwamanda a yaƙin Iran da Iraƙi, ya koyar a jami'a, yanzu kuma ƙusa ne a majalisa a Tehran. Duk inda aka ba shi lasifika sai ya ba da labarin yadda ya goyi wani soja mai rauni ya tsallake fadama da shi ana ruwan wuta.

Ranar tunawa da shahidai ya sake bayarwa a wata jami'a a Ahwaz. Ana raba shayi da dabino sai ga wata ɗaliba ta turo wani dattijo a keken guragu, da robar iska a hancinsa.

"Ranka ya daɗe, sunana Golnar," in ji ta. "Ga babana, shi ne ka goya. Tun ina ƙarama nake son in yi maka godiya."

Fariborz ya dubi dattijon, ya gane shi. Kudrat ne, sojansa na da. A waccan fadamar Fariborz ne ya tsorata har ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, Kudrat ya saɓa shi, ya kuma sa masa nasa takunkumin da iskar guba ta taso.

"Jeki ki samo mana shayi," in ji Kudrat. Da ta tafi ya dube shi yana dariya da tari. "Haji, ka yi ƙiba. Yau kam ko da jaki ba zan iya da kai ba."

"Kai ka faɗa mata ni na goye ka?" in ji Fariborz.

"A talabijin ta ji ka. Ta rugo tana tambaya ko ni ne sojan. Na ce e."

"Me ya hana ka ƙaryata ni?"

"Lokacin kana neman ƙuri'a. Ni me zan yi da labari?"

Fariborz ya yi maganar kai shi asibiti a Tehran, Kudrat ya kaɗa hannu ya ce huhun ya riga ya gama aikinsa.

Golnar ta dawo ta roƙi hoto. Fariborz ya durƙusa gefen keken. Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, Kudrat ya matse masa hannu da ƙarfi.

Kudrat ya rasu kafin Nauruz, bikin sabuwar shekarar Iran. Fariborz ya je jana'iza, aka matsa masa ya yi jawabi, ya ce maƙogwaronsa na ciwo. Ya tsaya a sahun baya har aka watse.