Tubalan Tsohon Zaure

Gobarar da ta cinye mana ɗakuna da bazara ta zo, a shekarun nan da mahara daga arewa suka hana mutane sakewa. Amma mu ba mahara suka ƙona mu ba, tartsatsi ne daga murhun maƙwabta. Kafin a jawo guga biyu daga rijiya, jinkayenmu sun zama toka. A gidanmu da ke ƙauyen bayan Dayi, abin da ya rage a tsaye shi ne zauren Baba marigayi, mahaifin maigidana.

Zaure ne na gani na faɗa, soro mai kaurin bango, rufinsa azara. Sai dai ya tsufa, bayansa ya dare, yana yoyo, jemagu ne kawai ke kwana ciki. Duk da haka kullum da safe sai Gwaggo ta share shi. Gwaggo ƙanwar Baba ce, ita ta goya maigidana bayan rasuwar mahaifiyarsa. Sunansa na yanka ba zai fito bakina ba, ita dai Maiwada take ce masa. Shi kuwa da ranta ya ɓaci gara ya kwana da yunwa.

Muka kafa bukkokin kara muka fake, ga damina ta ƙarato. Maigida ya ce shi kam ya gama da rufin ciyawa, soro zai yi mana, wanda wuta ba ta ci. Na ce, “To madalla, da wace ƙasar?”

Tambayar ke nan da ta hana shi zama. Mutumin nan, Allah ya yi shi da bin diddigi! Ya je fadama ya ɗebo laka, ya mulmula ya shanya, ta tsattsage. Ya ɗebo ta gefen rafi, yashi ya yi mata yawa, yana matsawa ta wargaje. Jar ƙasa mai danƙo wuri ɗaya take kusa da mu, gonar bayan gida, wadda daga ita muke cika rumbu. Maƙwabcinmu Shitu ya ce, “Haƙa mana! Kowa ma haka yake yi.” Maigida ya ce in ya haƙa, bana ya samu ɗaki, baɗi kuma ya samu kududdufi da kwaɗi a inda dawa take fitowa, to me ’ya’yansa za su ci a cikin ɗakin?

Ga kuma maganar azara. Giginyun da suka rage a fadama su mata ke tsintar ’ya’yansu, su binne su samu muruci. Ko ya rufe ido ya sare, ɗanyar azara ba ta rufi sai ta bushe, ruwa kuwa ba zai jira shi ba.

Wata rana da hantsi na hango shi yana zagaya zauren Baba, yana shafa bango, yana ƙwanƙwasa azara da ƙotar gatari. Nan take na san abin da ya gano. Ƙasar da ta shekara hamsin a tsaye ta riga ta nuna halinta, azarar kuma ta namijin giginya ce, gara ta gwada ta haƙura. A zauren nan kaɗai akwai kayan ginin ɗakuna biyu har da saura, ba a taɓa gona ba, ba a sare itace ba.

Ya je ya durƙusa gaban Gwaggo ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Ta bari sai da ya gama.

“Maiwada, abin da ya rage mini na Yaya ke nan a duniya. Ranar da ka cire ƙasa ko ta cikin cokali daga zauren nan, ranar zan tafi Kafur wurin ’yata. Kuma ba za ka sake ganin ƙafata a gidan nan ba.”

Gwaggo ba ta magana biyu, kowa ya sani. Maigida ya rame a tsaye. Ni kaina na ce masa, “Malam, a yi ciyawar nan mana bana, a huta.” Ya dube ni ya ce, “Shafa’atu, ke kika fito da yaran nan daga cikin hayaƙi. Kina so ki sake?” Ya koma wurin Gwaggo ya roƙa, ya sake komawa, ta juya masa baya. Hadari kuwa ya fara leƙowa daga gabas da maraice.

Ranar da ya yanke shawara, sai da ya fara zuwa ƙofar bukkarta. Ya ce, “Gwaggo, zan fara yau. Ban so ki ji daga bakin gatari ba. Ki yafe mini.” Sai muka ji tana haɗa ƙorai, tana shirin tafiya.

Shitu ya kawo shawarar a kira gayya, a tura bangon gaba ɗaya, a jiƙa a cuɗa, aiki ya yi sauri. Maigida ya ce a’a, ginin ubansa ba za a tura shi kamar kangon da ba shi da mai shi ba. Ya kafa tsani ya hau. Ya kankare makubar da aka shafe rufin da ita, ya zare azara ɗaya bayan ɗaya, Shitu na karɓa. Sannan ya koma kan bango, yana ɓanɓaro tubalan nan masu kan tsini da hannunsa, yana sa su a kwando, yana zuro mini da igiya. Wanda ya fashe a tara gefe don kwaɓi, wanda ya fito lafiya a jera. Wallahi haushi ya kama ni, ga ruwa na shirin sauka, mutum yana lallaɓa ƙasa kamar ƙwai! Amma ina kallonsa a saman nan, gumi na zuba, ba ya jefar da ko ɗaya, sai na ji duk garin nan babu namiji irinsa.

Gwaggo ba ta samu abokan tafiya ba sai ranar kasuwa. Kafin nan ya sauko da bango har zuwa saman ƙofa. Da safe ta fito da ƙullin kayanta a ka, ba ta dubi zauren ba. Na bi ta ina kuka ina ba ta haƙuri, ta ce, “Ke ’yar nan, koma ki kula da yara.”

Sai maigida ya sauko daga tsani da wani abu a hannu. Na ɗauka roƙo zai sake yi. Ya durƙusa ya ce, “Gwaggo, ba zan tare ki ba. Tambaya ce kawai, don babu wanda zai sani sai ke. Na samu irin wannan a saman ƙofa, jere guda, Baba ya sa su a tsakiyar manya. Wa ya yi su?”

Wani ɗan tubali ne, bai kai rabin sauran ba, a karkace, ko kyan gani babu. A jikinsa ga sawun ’yan yatsu ƙanana, sun nutse a ƙasar tun tana ɗanya.

Gwaggo ta karɓa da hannu ɗaya. Ta juya shi, ta sake juyawa.

“Ni ce,” in ji ta. “Ina ’yar mitsitsiya, Yaya na yin tubali, na nace sai na taya shi. Ya yi ta yi mini dariya, wai nawa ko akurkin kaji ba za su riƙe ba, wai zubarwa zai yi. Na yi fushi na ƙi cin tuwo.” Ta shafa sawun yatsun. “Ashe ya sa su. A saman ƙofa! Shekara hamsin ina wucewa ta ƙarƙashinsu, bai taɓa faɗa mini ba.”

Na sauke mata kayan daga ka, ba ta hana ni ba. Ta zauna nan ƙasa, ta rungume ɗan tubalin, ta yi kukan da ko ranar da aka binne Baba ba ta yi ba. Maigida na durƙushe, shi ma hawaye na bin gemunsa.

Da ta natsa, ta share fuska da gefen zane, ta harare shi.

“Saura nawa ne a can?”

“Suna da dama, Gwaggo.”

“To koma ka sauko da su a hankali, kada ka fasa mini ko ɗaya. A ɗakina za ka sa su, daidai inda hannuna zai kai in na kwanta. In ka zo yaɓe, ka tsallake wurin.”