Sunan da Aka Raɗa Jirgi Yana Sama

Ranar sunan 'yar Basiru, tun da sassafe maza suka cika ƙofar gida a Yerimaram, cikin Potiskum. Rago na ɗaure, Mallam na zaune, uban jaririya kuwa yana Abuja. Tun da aka haihu bai leƙo ba, wai aiki. Aikin kuma bai wuce riƙe wa maigidansa jaka da buɗe masa ƙofar mota ba.

Ya Kaka, yayar marigayiya mahaifiyarsa, ta san abin da yake ƙullawa. Ranar da ƙanwarta Sauda ta rasu, da bakinsa ya ce in Allah ya ba shi 'ya mace sunanta za ta ci. Yanzu an ji ƙishin-ƙishin Khairat zai sa, sunan matar maigidan, wadda ko hanyar Potiskum ba ta sani ba. Abin ya ƙona wa Ya Kaka rai, ta kuma raina shi ƙwarai.

Sai ga shi ya bugo wa wansa Hussain a tsakar gida, kowa na ji.

"Yaya, a ce Mallam ya ɗan jira, ga mu za mu shiga jirgi. Abuja zuwa Gombe ai kamar gida zuwa kasuwa ne. Ina sauka zan faɗi sunan. A ɗauki bidiyo, akwai wadda zan tura wa."

Ya Kaka ta taɓe baki. Kusa haka, amma ya kasa zuwa ya yi wa 'yarsa huɗuba.

"Hussain, jirgin nan yana daɗewa a sama?"

"Kamar awa guda, Inna."

"Waya na shiga can?"

"Kashewa suke yi."

Ta bari aka ɗan jima, ta sa ya gwada lambar. A kashe.

"Je ka ce wa Mallam mutane na da gona da kasuwa. Sunan yarinya Sauda."

"Inna, Basiru fa..."

"Sauda uwarku ce ko ba uwarku ba ce?"

Hussain ya sunkuyar da kai ya fita. Aka yi addu'a, aka raba goro da dabino, aka yanka rago, mata suka rangaɗa guɗa.

Can sai ga wayar Basiru, murya cike da isa. "Mun sauka lafiya. To, a shirya bidiyo."

Ya Kaka ta karɓe wayar. "Sannu da sauka, mai jirgi. Rago dai har an feɗe."

"Inna! Wa ya ba da suna?"

"Kai ka bayar, ranar da aka fita da gawar uwarka. In canzawa za ka yi, zo ka tsaya a ƙofar gidan nan ka gaya wa mutanen Yerimaram ba ka son sunanta."

Ta miƙa wa Hussain wayar, ta shiga ɗakin mai jego, ta ɗauki jaririyar idonta cike da ƙwalla.

"Sauda," ta ce a hankali, "yi haƙuri, ɗan naki yana hanya."