Ɗan Farin Inna Raliya Yana Tafe a Keke

Daren farko da baƙin suka kwana a gidan, Inna Raliya ta ji wani abu ya ce ɗil a cikin ɗakinta, kamar ɗigon ruwa ya faɗa ƙwarya. Damina ce, ba ta yi mamaki ba. Ta laluba ta jawo kwano ta ajiye inda take zaton rufin yana yoyo, ta koma ta kwanta. Can kuma abin ya sake cewa ɗil. Ta haska tocila, kwano a bushe, rufi a bushe, ta leƙa waje ta ga taurari fal sama. Ta karanta abin da ya sawwaƙa ta tofa, ta ce a ranta, ko ma wane ne, in dai ɗigo kaɗai ya zo yi, to ya yi abinsa.

Da safe aka gane mai ɗigon. Wayar Badi'a ce, matar ɗanta na fari, wadda ta zo da yara daga Kaduna su yi dogon hutun makaranta a ƙauyen, nan ƙasar Durun. Duk gidan ba inda sabis yake kamawa sai tagar ɗakin tsohuwar, shi ya sa Badi'a ta rataye wayar a ƙusar da ke jikin tagar ta tafi ta kwanta. Ta ce wannan ɗil ɗin saƙon Abban Zinnira ne. Duk inda ya tsaya ya huta sai ya turo, har da hoton hanya, da wani shuɗin ɗigo da yake nuna daidai inda ya sa ƙafa.

Shi Abban Zinnira, wato Ja'afar, ya sa iyalinsa a mota sun yi gaba, shi kuma ya ce zai biyo su a keke. Mutum da aikinsa, da motarsa ta kansa, ya ce daga Kaduna zai tako keke ta Zariya, ta Funtuwa, ta Malumfashi, ya ɓullo ta Gwarzo. An tattauna maganar a bakin masallaci har aka gaji. Wasu suka ce likita ne ya sa shi, wasu suka ce sammu ne. Waɗanda suka ga hoton keken suka ce tayarsa ba ta fi ɗan yatsa kauri ba, kuma hular da yake sawa kamar an fasa ƙwarya biyu an kifa masa rabi.

Inna Raliya kuwa ba ta da bakin cewa komai. Su mutanen gidan asalinsu na shanu ne. Yanzu sun fi sanin fartanya da sanda, Fulatancin ma ya bi kakanni, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Tun ranar da aka raɗa wa yaron suna, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba, ba ta tambayi lafiyarsa ba, da aka yaye shi kuma kakarsa ta tafi da shi Lakwaya, can ya girma. In dole ta kama sai ta ce wancan, ko yaron nan. Yanzu kuma ya samu sabon suna a wurinta, mai keken.

Ba wai labarinsa ba ya zuwa mata a wancan zamanin ba. Mijinta, marigayi Malam Jalo, ɗan koli ne, yana yawon kasuwanni a kan wani baƙin keke mai ƙararrawa. Shi ma kunyar ta ɗaure shi, amma ya samo mata ƙofa. In ya biyo ta Lakwaya ya dawo, sai ya zauna a tsakar gida da tsumma yana goge keken, yana yi masa hira. Kai keke, yau ka ga yaron nan ya yi haƙori. Kai keke, ka ga an sa shi a allo, yana kuka. Ita kuwa tana can tana tankaɗe, ta ba su baya, ba kalmar da take faɗuwa ƙasa. A haka ta san lokacin da ya yi ƙyanda, a haka ta san ya sauke, a haka ma ta haddace garuruwan hanyar yamma ɗaya bayan ɗaya, ita da ba ta taɓa wuce Gwarzo ba. Da Malam Jalo ya rasu aka jingine keken a bayan rumbu, hirar ta ƙare.

Badi'a yarinya ce mai kirki, amma 'yar birni ce. Ta san da al'adar, a zatonta ta tsaya a kiran suna. Da hantsi mijin ya bugo, sai ta taho da gudunta ta miƙo wayar.

"Inna, ga Abban Zinnira, ku gaisa."

Inna Raliya ta ji muryarsa ƙarama a cikin wayar, yana haki, iska tana bugawa. Ta miƙe tsaye ta dubi can wajen turke.

"Waccan akuyar za ta cinye min shanya," ta ce, ta wuce.

Akuyar tana ɗaure, kuma ba shanyar da aka yi a ranar. Badi'a ta tsaya da waya a hannu, fuskarta ta canja.

Allah ya sa akwai Uwaliya, maƙwabciyar Inna Raliya ta bayan katanga, wadda suka yi amarci a shekara ɗaya suka tsufa tare. Ita ba sai an gaya mata ba. Kullum da safe sai ta shigo wai neman wuta, ko da kuwa hayaƙi yana tashi a gidanta, ta tsaya a tsakiyar gida ta ɗaga murya kamar mai magana da kurma. Amarya, ina ɗan tserenmu ya kwana? Ya ci abinci kuwa, ko iska yake sha? Wannan wandon da ya ɗame shi a hoto, na ƙanensa ne ya ara? Badi'a tana dariya tana ba da amsa, Inna Raliya tana tsince wake, kanta a ƙasa. Ya kwana Zariya. Ya wuce Funtuwa, taya ta yi faci, ya gyara da kansa. Da dare kuma ɗigon yana nan yana faɗowa a ƙwaryarsa. Ba ta iya karatun boko ba, ba ta ma taɓa wayar ba, amma duk ɗil ɗaya ta san yana da rai, yana da hannun da zai danna. Har ta fara jin abin kamar ƙararrawar Malam Jalo, in ya karyo kwanar gida da magariba.

Ranar da ya doshi Malumfashi, abu biyu suka haɗu. Uwaliya ta tafi Masanawa sunan jikarta, za ta kwana. Badi'a kuma ta gano cewa a reshen zogalen da ke bayan ɗakinta ma sabis yana kamawa. Da la'asar ta shigo ta zare wayar daga ƙusa, ta rusuna ta ce a yi haƙuri, ta san ƙarar nan tana hana Inna barci, ga shi kuma ba maganar da Inna take so ba ce. Daga yau ba za a ƙara damunta ba.

Kalma biyu ce, bar ta. Inna Raliya ta ji su a kan harshenta, da nauyinsu, amma in ta faɗa ta tona kanta a gaban suruka. Ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Badi'a ta ce amin, ta fita da wayar.

Da magariba hadari ya taso daga gabas, ya yi yamma, wato inda yake. Aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wannan karon rufin ya yi yoyo na gaske, ɗigo yana faɗa wa kwano ba ƙaƙƙautawa, ba ko ɗaya da yake ɗauke da labari. Ta tuna maganganun da ake yi a rediyo game da hanyoyin yamma, ta tuna tayar nan mai kaurin yatsa a kan kwalta mai santsi, ga manyan motoci.

Da gari ya waye ta shiga karanta fuskar Badi'a. Ta ga ta fito a murtuke, ta yi wa yara tsawa, ta leƙa wayar ta mayar. Ko an samu labari mara daɗi ne ana ɓoye mata? Ko ruwa ne kawai ya jiƙa mata kayan yara? Zinnira, babbar jikar, ta gitta da kofin koko, tsohuwar ta buɗe baki, ta rufe. Tambayar jika ma tambaya ce.

Sai ta zauna ta yi lissafin Malam Jalo. Daga Malumfashi sai Dayi, daga Dayi sai Gwarzo, mai keke in ya kwana a tsakani, kafin azahar ya kamata a ga ƙeyarsa. Ta ɗauki mayafi ta ce za ta duba wani ganye da akuya take so, ta fita.

Hanyar da ta baro kwalta ta shigo ƙauyen ta burji ce, tana gangarowa daga tudu, ta karya kwana a bayan wata kuka, ta haye rafi a kan kwalbati. Da Inna Raliya ta iso sai ta tarar babu kwalbatin. Ruwan dare ya ciccinye ƙasar ya tafi da shi, ya bar rami ya fi tsayin mutum, jan ruwa yana tafasa a ciki. Ta zaga ta gonar maƙwabcinsu Dabo, inda rafin yake baje, ta tattare zani ta haye, ta hau tudun ta tsaya a bakin hanya cikin gero. Ba kowa, duk an shige gonaki. Ta tsinki ganye ta riƙe, don kada a ce.

Ta daɗe a tsaye kafin ta hango shi. Da fari ta zaci wani tsuntsu ne yake shawagi ƙasa-ƙasa. Mutum ne a duƙe, kansa kusan a kan ƙahon keke, taɓo ya rufe shi har hula, baƙin tabarau a ido. Ba fuskar da za a gane. Amma yadda yake karkata kafaɗar hagu in ya taka, wannan na Malam Jalo ne, ba mai raba ta da shi. Ya kamo gangara, ya daina takawa, keken yana ƙara wuta da kansa. Daga inda yake kukar ta tare masa ramin.

Ta ɗaga mayafi tana kaɗawa. Bai ɗago ba. Ta ce kai, ta ce mai keke, iska ta kwashe. Kowa a hanya kai ne, kowa mai keke ne, tun daga Kaduna yara suke kiransa haka. Ya wuce ta fiu, ƙeyarsa ta doshi kukar.

"Ja'afaru!"

Ita kanta ba ta san muryar ba. Ta ji an ja birki, tayar baya ta zame, mutum da keke suka kwanta cikin taɓo a gindin kukar, ramin yana gabansu kaɗan. Ya tashi zaune. Ya dubi ramin, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya waiwayo yana neman wanda ya kira shi, ya duba gonar dama, ya duba ta hagu, kamar mai neman wani daban. Ba kowa sai wata tsohuwa da ganye a hannu, tana kallon gero.

Ya cire hular da tabarau, ya tako da ɗingishi ya tsuguna nesa kaɗan. Ya gaishe ta, ta amsa wa geron. Ya tambayi gida, ya tambayi ruwa, ta ce ruwa ya yi gyara.

"Hanya ta karye," ta ce. "Ta gonar Dabo ake bi."

Ta yi gaba, ya biyo ta yana tura keken, wani abu a tayar baya yana cewa ƙis-ƙis-ƙis. Suka haye rafi. Suna tsakiyar dawa sai ta ji ya yi gyaran murya.

"Kai keke," ya ce, "ka ga mun iso. Ruwa ya doke mu a Dayi, amma mun samu rumfa. Mun kwana Gwarzo wajen abokinmu Mudassir, an ba mu tuwo da miyar kuka, mun ci mun ƙoshi. Gwiwar nan ma ƙujewa ce kawai."

Ƙafarta ta ɗan tsaya. Ashe baƙin keken Malam Jalo ba hanya ɗaya yake kai labari ba. Ashe a Lakwaya ma ana zama da tsumma a tsakar gida, ana gaya wa keke cewa matar gidan can ta tashi daga zazzaɓi, ita ce ma ta soya wannan ƙuli-ƙulin, wani yaro yana gefe yana wasa da ƙasa. Ba ta waiwaya ba. Ta kai bakin mayafi ta share ido, ta ce ƙaiƙayin dawa ne, ba ta kuma ce da wa take ba.

Da yamma gida ya cika. Yara sun kewaye keken, maza suna ɗaga shi da hannu ɗaya suna salati. Badi'a tana shafa wa mijinta magani a gwiwa tana faɗa, ashe tun asuba ta san yana Gwarzo, katifar yara ce da ta jiƙe ta ɓata mata rai. Ta ga tsohuwar ta fita neman ganye ta dawo da mutum, tana ta juya abin a ranta. Kafin magariba, ba wanda ya sa ta, ta je ta mayar da wayar kan ƙusar tagar, ko da yake mai turo saƙon yana zaune a tabarma.

Ana haka Uwaliya ta shigo da ƙullin kayan suna a ka. Ta yi wa ɗan tsere sannu da zuwa, ta zolayi wandonsa, ta ce ita ma ɗan acaɓa a kan tudu ya sauke ta, da ƙafa ta zago ta gonaki. Ta ajiye ƙullin, ta dubi Inna Raliya da take tsince wake a bakin ɗaki.

"Ni kuwa ɗazu Dabo ya tare ni a gonarsa, wai da hantsi ya ji an ƙwala wa yaron nan kira da sunansa, har tsuntsaye suka tashi. Wai muryar mace ce, kuma kamar ya san ta. Wace ce?"

Ja'afar ya sunkuya yana duba tayar keke. Badi'a ta rufe kwalbar magani. Inna Raliya ta ɗauki tsakuwa guda daga cikin waken ta yar.