Hannun Crescencia a Jikin Kwalba

Doña Crescencia ba ta shan giya, ba ta kuma iya karatu ba, amma ta san hannunta. Tun da ƙuruciyarta take yi wa inabi aski a wannan tudu mai kallon teku, inda hazon safe ke shiga ƙashi. Almakashi ya lanƙwasa mata yatsan tsakiya, wuƙar girbi ta bar mata tabo a babban yatsa. Shi ya sa da ƙawarta Amparo, mai wanke kofuna a ɗakin ɗanɗanon giya, ta kawo mata fankon kwalba, kallo ɗaya ta yi wa hoton da ke jiki: hannu biyu riƙe da curin baƙin inabi.

"Wannan ai nawa ne."

"Naki ne mana," in ji Amparo. "Sai dai an rubuta wai hannun kakar maigida ne, wadda ta dasa gonar."

"Wace kakar? Mai laimar nan da ko fartanya ba ta taɓa ɗagawa ba?"

Sai ta tuna mai ɗaukar hoton da ya zo lokacin girbi, yana ta "riƙe haka, uwa." Ko sunanta bai tambaya ba.

Ranar Asabar ta shiga ɗakin ɗanɗanon ta ƙofar gaba, wadda ma'aikata ba sa bi. Ga baƙi nan jere, suna juya jar giya a kofi, suna cusa hanci, su kurɓa su tofar a bokiti. Shekara guda ana shan sanyi a kan abu, ƙarshensa tofi! Yarinyar da ke zuba musu tana ta zuba: wai sanyin teku ke sa inabin ya nuna a hankali, wai duk a gonar nan aka nome shi, ga ma hannun kaka.

Crescencia ta buga tafinta a kan tebur, gefen kwalbar, har kofuna suka yi ƙara.

"Ga kakar ta zo."

Maigida Garrett ya fito da gudu, da takalmin gona wanda bai san taɓo ba.

"Doña Chencha! Zo mu yi magana daga ciki."

"Ba Chencha ba, Crescencia Olvera. A nan za mu yi ta, inda ake sayar da ni."

"Haba, ai girmamawa ce. Mutane na son labarin iyali, shi ke nan. Bari a sa miki katan guda a mota, na gangaren yamma, mafi kyau."

"In yi me da shi? In kurkure baki in tofar kamar waɗannan? Kai yaro, na san ka tun kana tsoron ƙudan zuma. Goge kakarka, sa sunana. Ita tana da kabari da dutse. Ni hannun nan kaɗai gare ni."

Wata baƙuwa mai faffaɗar hula ta ɗaga waya, wai don Allah ta ɗauki hoton hannun. Crescencia ta cusa shi a aljihu.

"An ɗauka sau ɗaya, 'yar nan. Kin ga inda ya kai ni."

Garrett ya ce zai duba. Ta san irin wannan dubawar. Daga ranar, kowace Asabar sai ta kifa kwandon girbi a bakin ƙofa ta zauna, kwalba a gefe, hannu a gwiwa. Baƙi su dubi kwalba, su dubi yatsan, su shiga ciki da tambaya. Korar tsohuwa a gaban masu waya kuwa, Garrett ba shi da wannan zuciyar.

Da aka ɗura giyar sabuwar shekara, Amparo ta zo da wani fankon.

"Kin ci nasara, ƙawa. An cire."

Crescencia ta juya kwalbar. Babu hannu, babu kaka. Tudu ne kawai, hazo ya rufe shi.

"Sunana fa?"

"Babu."

"Wato gara su buga hazo da su rubuta Olvera." Ta yi tsaki. "Ai shi ba ya zama a bakin ƙofa."

Ta daɗe tana kallon hannunta, tana lanƙwasa yatsan tana miƙewa. Ya dawo wurinta, ko ba komai. Ta jefa kwalbar cikin shara, ta ɗauki almakashinta.