Tsakuwar da Suka Bari a Cikina

Wani mafarki na yi jiya da har yanzu raina a ɓace yake. Wata takwas ke nan da aka cire min maɗaciya ta 'yan ƙananan huji huɗu a ciki. Ta fashe lokacin aikin, tsakuwar cikinta ta zube, ba a tsince duka ba. Tun daga nan zazzaɓi da ciwon gefen dama ba su bar ni ba.

A mafarkin na koma asibitin. Ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana jiƙa silin. Wata akuya mai tabarau ta karɓi katina ta cinye, ta ce na shiga layi.

Likitan jimina ce. Ta zura dogon wuyanta ta cibiyata, ta daɗe tana leƙe.

"Malama Hansai, yaya jiki?"

"Da sauƙi," na ce, don haka aka koya min a gida.

Ta rubuta: ta warke.

Sai ga ni a cikin cikina. Tsakuwoyin sun yi unguwa a ƙarƙashin hantata, har da masallaci da mai shayi. Sun haƙa rijiya, mugunya suke ja da guga. Babbar cikinsu tana kishingiɗe a kan tabarma.

"Ku tashi ku fita!" na ce.

"Haba 'yar nan, mu ba haurowa muka yi ba, zubar da mu aka yi. Kin taɓa kai ƙara?"

"Sau uku na je."

"Muna jin ki ai. Sau uku kin ce da sauƙi. Ranar na ukun muka ɗora bene."

Suka bushe da dariya.

Na koma gaban jimina, ta sake tambaya. Gwaggo Dudu, ƙanwar babana, ta leƙo daga cikin durowa ta ce mace mai kunya ba ta ƙorafi gaban babba. Na hau kan teburin.

"Babu sauƙi! Ku kuka zubar, ku za ku kwashe!"

Jimina ta ajiye biro. Ta ce, "To, ki kwanta."

Sai injin markaɗen maƙwabta ya tashi. Na farka zanina sharkaf da zufa, gefen damana yana zugi. Na leƙa tsakar gida, na hango yayana.

"Yaya Ɗanlami, fito da babur. Idan mun je asibiti kada ka ce komai, ni zan yi magana."