Gurbin Yatsa a Ƙafar Afra'u

"Ku dakata, ku dakata tukuna!"

Malam Haliru ya jingine kekensa a gindin darbejiyar ƙofar gidan dagaci, ya taɓa kwandon ƙwan zabin da ke ɗaure a baya don ya tabbata bai karkace ba, sannan ya ratsa taron. Kasuwar Kibiya ya nufa, amma tun da aka kafa Fassi ba a taɓa yin taro ya wuce bai sa baki ba, kuma ba yau zai fara ba.

Matar da ke magana ta sauke takardar hannunta. Malama Laraba ce, ma'aikaciyar lafiya daga Rano, wadda ta yi damina biyu tana zaga ƙauyuka da 'yan ƙungiyarsu. Abu biyu ta zo da shi. Na ɗaya, takarda zuwa ƙaramar hukuma, a sake buɗe ɗakin rabon abincin yara masu tamowa da aka rufe bara, duk wanda ya yarda ya dangwala yatsa. Na biyu, roƙo ga magidanta: kada a kwashe waken suya da gyaɗa kaf a kai kasuwa, a rage wa yara, a riƙa ba su ƙwai ko sau biyu ne a mako.

"'Yar nan," in ji Malam Haliru, "shekarunki nawa?"

"Talatin da takwas, Baba."

"To hular nan ta kaina ta girme ki." Aka yi dariya, ya jira ta lafa, don ya san yadda ake riƙe taro. "Yunwa kike ba mu labari? Ni yunwa da sunana ta san ni. Tun Turawa na ƙasar nan, ina ɗan shekara takwas, aka yi wadda ba a sake yin irinta ba. Muka ci dusa, muka ci tafasa ba gishiri, muka sussuke ƙarangiya. Da hannun nan nawa na tona..."

"Gidan tururuwa!" mutum uku suka ƙarasa masa a tare.

"Gidan tururuwa, na ƙwace hatsin da suka tara. Ga ni nan. Haƙorana ashirin da shida, ku zo ku ƙirga. Allura ba ta taɓa shiga jikina ba. Har yau ni nake huɗar gonata, samarin yanzu kuwa kunya biyu sai su nemi inuwa. Da me aka raine ni? Kunun kanwa da tuwon dawa. Shi ke nan."

"Allah ya ƙara lafiya, Baba," in ji Malama Laraba. "Amma tun saukar damina yara huɗu aka binne a garin nan."

"Kwana ne ya ƙare. Ƙwai kuma da kike faɗa, yaron da ya saba da shi, ranar da babu sai ya faɗa akurkin maƙwabta. Ɓarayi kike so mu raina? A gidana ba a ba yaro ƙwai. Ubana bai ba ni ba."

Tsofaffin da ke kan tabarma suka gyaɗa kai. Wasu da suka riga suka miƙe za su dangwala suka koma suka zauna. Malam Haliru ya gani, daɗi ya kama shi, ya ga bai kamata ya tsaya nan ba.

"Bari ma in nuna miki da ido. Mu'minat! Ina Mu'minat? Kawo mini amaryata."

Daga can bayan mata wata siririyar mace ta taso, kanta a ƙasa. Matar ɗansa Munzali ce, wanda ya tafi Kudu neman aiki tun bayan sallah ya bar ta a hannun mahaifinsa. Ta durƙusa nesa da surukinta, ta kwance goyo. Afra'u ke nan, jikarsa, wata huɗu da yaye.

Ya karɓe ta ya ɗaga sama yadda kowa zai gani.

"Ku dubi kumatu! Ku dubi ƙafa kamar ta 'yar sarki! Wata biyun nan sai ƙiba take yi, har awarwaronta sai da aka cire. Kunu kawai take sha, irin wanda na sha. Ga hankali, ba kuka, ba ƙiriniya, inda ka ajiye ta nan za ka same ta. Amarya, gaya musu mijinki yana ciyar da ke."

Afra'u ba ta yi dariya ba. Da can in ya ce mata amarya sai ta kama gemunsa ta ja. Yanzu idanunta a kumbure, ta bar kanta ya faɗa kafaɗarsa.

Malama Laraba ba ta yi dariya ba ita ma. Ta miƙa wa abokiyar aikinta takardar, ta matso, ta shafa gashin yarinyar, wanda ya yi ja ya yi laushi kamar gashin masara.

"Baba, zauna ka ɗora ta a cinya."

Ya zauna, yana murmushi yana duban jama'a. Ta kama ƙafafun yarinyar biyu, ta danna babban yatsanta a bayan kowacce, ta ƙirga uku a hankali, ta ɗauke.

Gurbin yatsan ya zauna. Rami biyu, kamar an danna tuwon da ya kwana. Malam Haliru ya zuba musu ido yana jiran naman ya taso. Bai taso ba.

"Wannan ba ƙiba ba ce, Baba," ta ce, ta rage murya don kada na nesa su ji. "Ruwa ne. Kumburin tamowa ne, kuma ya hau har fuska. Yarinyar nan yau za ta kwana a asibiti, in Allah ya sa mun kai ta da rai."

"Ke, kiyayi bakinki."

Ta juya wurin uwar. "Tun yaushe ta daina cin abinci sosai?"

Mu'minat ta dubi ƙasa. Surukinta na zaune, ga maza cike da wuri. Da ƙyar aka ji ta. "Kwana tara. Ga zawo. Na so in faɗa."

"Me ya hana ki?" in ji Malam Haliru.

Ya riga ya san amsar. Kullum da safe in ta kawo masa koko sai ya ɗaga yarinyar ya auna ta a hannu ya ce ta ƙara nauyi, ya yi wa duk mai wucewa shela. Wace suruka ce za ta buɗe baki ta ce masa ba haka ba ne?

Dagaci ya ba da motarsa, Mu'minat da Malama Laraba suka shiga baya da yarinyar. Malam Haliru ya shiga gaba, sai da suka bar gari ya lura kwandon ƙwan yana kan cinyarsa. Bai san lokacin da ya kwance shi daga keken ba. An yi ruwa da asuba, hanya ta jiƙe, motar tana tafiya tana zamewa. Dama da hagu gonaki kore shar, dawa ta kai ƙirji, waken suya ya rufe ƙasa. Nasa ma haka yake. Bara buhu shida ya samu, ya sayar wa masu zuwa da manyan motoci gaba ɗaya, ko tiya bai rage ba, don shi a saninsa waken suya abin sayarwa ne, ba abinci ba. A haka suka isa Rano.

A asibiti aka karɓi yarinyar da sauri. Aka auna ta, aka zura mata siririn tiyo ta hanci, aka lulluɓe ta da bargo ko da yake ana zafi. Ɗakin gado goma ne, kowanne da uwa a zaune a bakinsa. Abin da ya fi damun Malam Haliru shirun wurin. Yara goma a ɗaki ɗaya, ba mai kuka.

Ya fita bakin ƙofar asibitin wurin mai shayi, ya sa aka dafa masa ƙwai uku daga kwandon. Ya ɓare ɗaya da kansa, ya dawo da shi a tafin hannu.

Nas ɗin da ke kula da ɗakin ta tare shi. "Baba, ina za ka da wannan?"

"Na amaryata ne. An ce shi take bukata."

"Da wata uku da suka wuce ne, da ya yi mata amfani. Yanzu cikinta ba zai ɗauka ba, zai iya kashe ta ma. Madara ta musamman muke ba ta, kaɗan-kaɗan."

"Za ta tashi?"

"Sai mun ga kwana uku. Wasu suna tashi." Ta wuce gado na gaba.

Ya tsaya da ƙwai a hannu, bai san inda zai kai shi ba. Daga nan ya fita baranda ya zauna a kan benci.

Shekara saba'in yana ba da labarin yunwar nan, a kasuwa, a wurin suna, a zaman makoki, kuma kullum daga gidan tururuwa sai ya tsallaka zuwa haƙoransa. Akwai abin da ke tsakani. Akwai Nana Khadija, ƙanwarsa, wadda yake goyawa in uwarsu ta tafi neman ganye. Ita ma ta yi kumatu a shekarar nan. Har maƙwabta suna cewa wannan yarinya ko me take ci a ɓoye. Ya tuna ranar da ya sauke ta daga bayansa, ya ga shatin zanen goyon ya nutse a ƙafarta bai taso ba, har ya yi ta wasa da wurin yana dannawa da yatsa yana dariya. Bayan kwana biyu aka ɗauke ta a tabarma.

Bayan la'asar Malama Laraba ta fito ta same shi. Ta gaji, takardar tana naɗe a jakarta.

"Ta karɓi madarar sau biyu, ba ta amayar ba," ta ce. "Kada ka sa rai da yawa, kada kuma ka cire."

"Mutum nawa suka dangwala?"

"Goma sha ɗaya. Muna neman ɗari biyu."

"Saboda ni."

Ya nuna jakarta, inda takardar take.

"Fito da ita."

Ta shimfiɗa takardar a kan bencin, ta buɗe ɗan akwatin tawada. Ya dangwala babban yatsansa, ya danna a takardar da ƙarfi har sai da ta ce ya isa.

"Rubuta a gefensa," ya ce. "Haliru na Fassi, wanda ya ci gidan tururuwa. Kowa ya san shi. Ki rubuta mu bakwai uwarmu ta haifa kafin yunwar nan. Ni kaɗai na fita."

"Baba, ba a bar wurin rubutu ba. Suna ne kawai da yatsa."

"Juya bayanta. Akwai Ishiyaku, akwai Murtala, akwai Fatima da 'yan biyu da ba su daɗe ba. Akwai Nana Khadija. Rubuta su duka. Gobe kuma ki dawo Fassi, ni zan tara miki mutane. In na yi kira ba wanda ke zama a gida."

Ta juya takardar ta fara rubutu. Shi kuwa ya ɗauki kwandon ya koma ɗakin, ya tsaya daga bakin gado. Mu'minat ta zabura za ta durƙusa, ya ɗaga mata hannu. Ya ajiye kwandon kusa da ƙafarta, ya miƙa mata ƙwan da ya ɓare, wanda ya riga ya huce.

"Ci," ya ce. "Sauran ki ajiye mata."

Bai ce har yaushe ba. Ya ɗaga gefen bargon a hankali ya dubi ƙafar Afra'u, sannan ya mayar ya rufe.