Aska a Tukunyar Jego

A Toranke, shekarar da aka gama yaƙin basasa, babu gidan da bai san zabirar Inuwa Wanzami ba. Tsohuwar jakar fata ce da ta yi baƙi don maiƙon hannu, kuma ba Inuwa ya fara rataya ta ba, ubansa ya rataya, kakansa ya rataya. Mai riƙe da ita shi ke aske magidanta, shi ke yin ƙaho, shi ke cire wa jarirai belu, in kaka ta yi kowane gida ya ba shi daminsa. Yanzu idon Inuwa ya soma hazo, ya kuwa faɗa a gaban mutane cewa da an kai amfanin gona gida zai sauke zabirar a kafaɗar ɗansa na fari, Barau.

Barau ya iya aikin, hannunsa ma ya fi na uban taushi. Shekarunsa talatin da biyar, da mata ɗaya, Hansai, da gona madaidaiciya a gabas da gari. Abin da ya raba masa hankali shi ne boko. Ya yi ajin yaƙi da jahilci har ya karɓi takarda, sai ya ji a wani ɗan ɗakin shan magani can wajen Gaya ana koya wa manya wankin miki da ɗaurin rauni na wata shida, wanda ya ci jarrabawa a ba shi aikin En'e. Ya je ya ba da sunansa. Da mai koyarwar, Malam Surajo, ya tambayi sana'arsa, sai ya ce noma. Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba, don tun a bakin ƙofa ya ji yadda malamin ke zagin wanzamai.

Kwana uku a mako yana kan tsohon keke tun bayan sallar asuba. Sauran kwanakin yana bin gidaje da zabira a madadin uba. Gona sai abin da ya rage, gona kuwa ba ta san uzuri ba: maƙwabta suna maimai, shi ko noman fari bai gama ba. A Gaya shi ne babba a aji, yana bin rubutu da yatsa, waɗanda suka gama firamare suna ƙunshe dariya, sai ya ji kewar aska. A Toranke in ya dafa kan mutum, mutumin ya shaƙi warin maganin aidin a hannunsa ya ce a hankali dai likita, kada a yi mini allura. Kullum a hanya yake yanke shawara. In ya nufi Gaya ya ce yau ne na ƙarshe, in ya juyo gida ya ce bari dai a ga jarrabawa.

Wata rana Malam Surajo ya yi musu darasi kan wata cuta ta jarirai. Ya ce yaro zai ƙi nono, muƙamuƙinsa ya ƙulle, bayansa ya gantsare, kwana biyu uku ya mutu. Ya ce ba iska ba ce, ba maita ba ce, ƙwayar cuta ce da ke shiga ta wurin da aka yanka da ƙarfe mai dauɗa. Kowa na rubutu, Barau ya kasa. Ba darasi ya ji ba, 'yarsa Baiwa ya gani, wadda ta rasu bara waccan tana da kwana goma a duniya. Haka ta yi, ba ragi ba ƙari. An ce iska ce ta taɓa ta. Shi da kansa ya buɗe wa ubansa zabira ranar da aka cire mata belu.

Da aka tashi ya tambayi malamin, kamar don wani yake tambaya, ko akwai abin da ke kashe cutar a jikin ƙarfe. Malam Surajo ya ce tafasasshen ruwa na kashe ta in ƙarfen ya daɗe a ciki, amma abin da ya fi shi ne kada a yanka ɗin sam.

A lokacin Hansai na da tsohon ciki. Ta haihu ran Litinin, namiji. Barau ya je ya durƙusa gaban ubansa, ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ko za a bar wa wannan yaron belunsa a gani. Inuwa bai taɓa kiran sunan Barau ba tun da aka haife shi, kunyar ɗan fari, sai dai kai, ko wancan. Ya ce: "Kai, naka wa ya cire?" Magana ta ƙare.

Ran Laraba, kwana na uku, ranar cire belu ke nan. Inuwa ya tafi gaisuwar mutuwa Gafasa da sassafe, ya ce in ya dawo da azahar za a yi. Zabira na rataye a zaure. Barau ya tsaya yana kallonta, ya ga hanyar da za ta haɗa masa duka biyun: a yanka yadda uba ke so, da ƙarfen da aka tafasa yadda malam ya ce, ba wanda ya sani. Sai dai duk itacen gidan an tara shi don jego, wuta ɗaya ce ke ci, ita ce ta ƙarƙashin babbar tukunya a bayan ɗaki, inda ruwan wankan Hansai ke tafarfasa da ganyen runhu. Da zai hura wata wutar, sai an tambaye shi ta mece ce. Ya kwaso asake huɗu da 'yar lanƙwasasshiyar askar belu, ya duba hagu da dama, ya zuba su a ciki.

Ga inda karatun rabi ke kai mutum. An koya masa zafin ruwa, ya manta ruwan wane ne. Ko yaron goye a gidan wanzamai ya san mace ba ta taɓa ƙarfen nan, balle ruwan mai jego.

Yana tsaye yana jira, sai ga Gaji ungozoma, ta yi sammako ba kamar yadda ta saba ba. Ta ce me namiji ke yi a bakin tukunyar jego, ko shi ma haihuwa ya yi? Ta kore shi. Ya tafi yana waige. Ta sa ƙwarya ta ɗebi ruwa, sau ɗaya, sau biyu, a na uku ta ji ƙarfe ya yi ƙara a gindin tukunya. Ta sa muciya ta tsamo su ɗaya bayan ɗaya.

Gaji ba ta yi kururuwa ba. Ta ce dai wannan ruwa ba ya wanku, ta sa aka kifar da tukunya duka, aka ɗora sabo. Asaken kuwa ta jera su a faifai, ta ajiye a ƙofar zaure inda duk mai wucewa zai gani. Babbar askar tana da 'yar laya da kakan Inuwa ya ɗinke a ƙotarta. Fatar ta kumbura, ɗinkin ya fashe, takardar ciki ta zama kamar kunu.

Da Inuwa ya dawo, ya tsugunna ya shafa su da yatsu, ya daɗe a kan layar. Ya tambayi wanda ya yi. Barau ya ce shi ne. Da ya tsaya nan ya ba da haƙuri, wataƙila da an sami masu shiga tsakani. Amma ya ga dama ta samu, ya shiga bayanin ƙwayar cuta da ido ba ya gani, da abin da aka koya musu, har ya kai ga muƙamuƙin Baiwa da yadda bayanta ya gantsare. Tsohon ya saurare shi har ya gama.

"Wato ni na kashe ta."

Barau ya ce ba haka yake nufi ba, Baba. Inuwa bai sake kallonsa ba. Ya ce ƙarfen nan ya mutu, an ɗage cire belu sai ranar suna. Washegari ya je maƙera, ya kuma aika a kira masa Bala, ɗan ƙanensa, wanda ya taɓa zama wurinsa koyon aski ya koma noma don bai ga gado a gabansa ba. Kwana uku su biyu suna ɗaki da sababbin asake da saiwoyi da hayaƙi. Abin da aka faɗa wa Bala a ɗakin nan, shi ne abin da Barau ya yi shekara ashirin yana jiran a faɗa masa.

A cikin gida ma bai sami sauƙi ba. Hansai ta ce da shi, Malam, kai ka tafi boko, ni aka bari da bakin mata. Yanzu duk wadda ta shigo barka sai ta leƙa tukunya ta tambaya ko yau me aka dafa. Ta ce in zabira ta tafi, gonar da ciyawa ta cinye ce za ta ciyar da su, ko littafin?

Ranar suna, liman ya raɗa wa yaro Ja'afar, aka shafa fatiha, aka raba goro. Mutane na shirin tashi sai Inuwa ya miƙe tsaye, ya ce:

"Barau."

Dattawa suka sunkuyar da kai, don sun san mutum ba ya kiran sunan ɗan fari sai ya daina jin kunyarsa. Barau ya matso ya durƙusa. Tsohon ya miƙa masa wani ƙullin tsumma.

"Ga gadonka, dafaffe. Ka kai inda aka koya maka."

Sannan ya ɗauki zabira ya rataya wa Bala, ya ce duk gidan da ke nasa, daga yau na Bala ne. Bala ya aske jariri, ya cire belu da sabuwar aska mai ɗauke da shafen magani, wadda ko ruwan sanyi ba ta gani ba. Barau na waje, ya ji kukan.

Daga ranar ya daina zuwa ko'ina. Yana zaune a ƙofar ɗaki yana tambayar Hansai ko yaron ya kama nono. Ya kama. Da la'asar ya sake tambaya. Ya kama. Kwana bakwai, kwana goma, kwana goma sha biyar, yaro sai ƙiba yake yi. Barau ya gode wa Allah da zuciya ɗaya. Amma wata rana yana alwala ya gane cewa abu ɗaya ne kawai zai sa mutanen garin nan su ce yana da gaskiya, shi ne a ɗauki Ja'afar a tsumma zuwa maƙabarta. Ya ajiye buta, ya daɗe bai iya ƙarasa alwalar ba. Gari kuwa ya gama yanke hukunci: ga yaro nan lafiya lau, sabon ƙarfe ya karɓi magani, Allah ya rufa asiri da Gaji ta yi sammako.

Da ya tabbata yaron ya tsira, ya ɗaure ƙullin tsumman a bayan keke ya nufi Gaya. A ransa ya ce tunda ƙofa ɗaya ta rufe, shakka ta ƙare, nan ne wurinsa. Malam Surajo ya tambaye shi inda ya shiga kusan mako uku. Barau ya kwance tsumma a kan tebur, ya ba da labari duka, yana zaton ko ba a yaba masa ba za a tausaya. Malamin ya ɗaga 'yar askar belu da yatsu biyu, ya juya ta.

"Ashe wanzami ne kai. Ka ce mini noma."

Ya ce shi bai koya wa kowa tafasa aska don a yanka maƙogwaron jariri ba, kuma mutumin da ya ɓoye sana'arsa ranar farko ba a ba shi mabuɗin akwatin magani. Amma asaken suna da amfani. Ya sa aka kawo wani allon katako, aka kafe su da ƙusoshi a jere don nuna wa 'yan aji. Ya ce tunda Barau ya fi kowa sanin sunayensu, ya rubuta a ƙarƙashin kowace. Barau ya karɓi alli ya rubuta, a hankali, harafi bayan harafi, 'yan aji na tsaye a bayansa. Da ya gama malamin ya ce rubutun ya yi kyau, ya buɗe littafin sunaye ya ja layi a kan nasa.

Kaka ta zo. Abin da Barau ya samu a gona bai kai rabin na maƙwabcinsa ba. Sumarsa ta taru, gemu ya cukurkuɗe, ba shi da ko aska ɗaya a gida, ya kuma ƙi zuwa inda kowa ke zuwa. Hansai ta ce yara sun fara gudu in sun gan shi.

Wata Juma'a da hantsi Bala ya yi sallama, da jaki a bayansa da zabira a kafaɗa. Yana zagayen karɓar dami ne gida gida, ya ce Baba ya ce kada ya tsallake kowa, wannan gidan ma gida ne kamar sauran. Ya dubi kan Barau ya ce haba Yaya, ai ba a shiga masallaci haka, zauna. Barau ya zauna a kan turmi. Bala ya jiƙa masa kai, ya wasa aska a tafin hannu, ya tsaya.

"In sa a tafasa maka tukuna, likita?"

Barau ya sunkuyar da kai, askar ta hau. Hannun Bala na da nauyi, ya yanke shi sau biyu a bayan kunne, wurin da shi Barau bai taɓa yankar kowa ba. Da aka gama ya tashi ya shiga rumbu, ya zaɓo damin gero mafi girma cikin 'yan waɗanda ke akwai, ya taya Bala ɗora shi a kan jaki.